Gemun Kawu Shoufu

Shekara bakwai a jere mutanen Shatou, maƙwabtanmu a bakin tafki, suna cinye mu a tseren kwalekwale mai kan dodo. Kawu Shoufu, mai kaɗa mana ganga, ya rantse gaban jama'a: in aka kuma bana, a aske masa gemu a bakin ruwa. Gemun ya kai cibiya. Har mai yake shafa masa.

Ni matuƙi ne a layi na huɗu.

Kawu manomin tafarnuwa ne. Ya daɗe da lura duk inda ruwan gonarsa ya gangara tafki, kainuwa ƙiba take yi. Sai ya juye takin zamani buhu goma sha biyu a gonar da uku ke isarta, ya haƙa magudana ya karkata ta zuwa mashigar Shatou.

"Su koyi tuƙi a kan ciyawa," in ji shi.

"Tsoho, kifin da kake ci daga sama yake faɗowa?" in ji matarsa, Gwaggo Meizhen.

"Ke dai naɗe shinkafarki a ganye."

Aka sheƙa ruwa. Sati uku, mashigar Shatou ta yi kore shar, kifi ya taso ciki sama. Ana cewa kainuwa dashen Allah. Wannan dashen Kawu ce.

Sai dai ya manta ba ta kama ƙasa. Ana jibi tsere iska ta juya, ta kwaso ta kaf ta jibge a mashigarmu.

Ranar tsere aka ɗiga wa dodonmu jan fenti a ido, yadda aka saba, don ya farka. Ya farka ya ga gona.

Muka caka filafili, muka ɗago ganye. Kawu na dukan ganga yana ihu, "Ku ja, 'ya'yan malalata!" Wata agwagwa ta wuce mu a ƙafa.

'Yan Shatou suka je suka dawo, suka jawo mu gaɓa da igiya. Da wanzaminsu suka zo.

"Baba, a bar gashin baki?" in ji wanzamin.

"Aske, ɗan nema."

Gwaggo ta daɗe tana kallon haɓar mijinta.

"Ashe abin da kake ɓoyewa ke nan," in ji ta. "Da ka faɗa, da ni ma na yi tuƙin don gemun ya tsira."