Baki Na Biyu

...ko kuma hotunan sama. Eh, hotuna. Su dai ba sa kallon mutum cikin ido.

Kyaftin yana zaune a kan benci a ƙofar ofishin Kanal, hula a gwiwa, fanka tana juyawa kamar an yi mata dole. Kwas ya ƙare. Yau kowa zai shiga ya faɗi ɓangaren leƙen asirin da zai bi, kuma wanda ka ambata a cikinsa za ka yi furfura, babu "na fasa". Ga masu sauraron sadarwa, na'ura manne a kunne har kunnen ya yi kanta. Ga masu nazarin hoto a ɗakinsu mai sanyi, suna auna inuwar motoci. Masu sa ido a kan 'yan uwansu sojoji kuwa — Allah ya kiyaye, ko gaisuwarsu da ɗari-ɗari ake amsawa. Sai nasa ɓangaren... mutane. Ka zauna da mai kawo labari, ka zuba masa shayi, ka yi gum, ka bar shiru ya yi tsawo har ya gaji ya cike shi da gaskiya.

Can Kanal yake so ya koma, kowa ya sani. "Kai da abin aka haife ka," haka ya ce. Wai yabo ne.

Ƙa'ida ta farko: maganar baki ɗaya ba labari ba ce, sai an samu baki na biyu. Kuma ƙa'idar ba ta banza ba ce, ina! Akwai mutanen da yau suke yawo da ƙafafunsu saboda ya ƙi yarda da mutum ɗaya, ya hana ayari bin wata hanya. Wa zai ce masa laifi ne? Wa —

Kwanakin baya a gida, 'yarsa Auta ta shigo da gudu, jakar makaranta tana jan ƙasa. "Baba, ni aka zaɓa in yi jawabi ranar raba kyaututtuka!" Ya rungume ta. Wallahi ya rungume ta, har zuciyarsa. To daga ina sauran suka fito? Wa ya faɗa miki... a gaban wa... Bayan an ci abinci ya sake tambaya, wannan karon daga ƙarshe zuwa farko, yadda ake yi wa majiya don a ga ko zaren zai tsinke. Bai tsinke ba. Duk da haka washegari sai ga shi yana buga wa malamarsu waya, wai gaisuwa. Gaisuwar me? Malamar kuwa, baiwar Allah, da dariyarta ta gaya wa yarinyar a gaban 'yan aji cewa babanta ya kira ya tabbatar.

Auta ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi.

"Mu ba majiyarka ba ne, Baban Auta. Nan gida ne." Matarsa ke nan, tana ninke kaya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Kunya ta kama shi, irin wadda babu inda za ka ajiye ta.

Ƙofar ofishin Kanal ta buɗe. Abokin kwas ɗinsa ya fito yana murmushi — a baki kawai, idon bai sani ba, yatsa yana murza maɓallin riga. Bai samu abin da ya nema ba. Labarin zuciya a tambayi fuska... Ka gani? Ka gani ko? A nan ma ya kasa bari. Wa ya aike shi?

Hotuna, to. Rufin gidaje, sawun taya, mutane kamar ƙwayar gero. Ba wanda zai ce maka komai, balle ka auna shi. A tashi aiki a dawo gida da ido a gajiye, kunne a wanke. Amma kujerar da zai bari fa? Wa za a ɗora? Wancan mataimakin nasa da ake yi wa rantsuwa ɗaya ya miƙa wuya? Ranar da ayari zai bi hanyar da bai kamata ba, shi yana ɗaki mai sanyi yana kallo daga sama, ɗigo-ɗigo, yana gani suna... a'a. A'a.

Yau da safe ma. Auta tana ɗaura igiyar takalmi, kai a ƙasa. "Baba, za ka zo ranar?" Zan zo, Auta. Ta gyaɗa kai. Can a bakin ƙofa kuma, kamar ba komai: "Ranar ba ka da aiki ke nan?" Babu. Ya ji daɗi ma, ya ce an huce. Yana neman makullin mota ne ya jiyo ta a kicin, murya ƙasa-ƙasa — "Mama, ke ma ya faɗa miki zai zo?"

Tambaya ɗaya, fuska biyu. Sannan...

Hular ta zame daga gwiwarsa. Bai ɗauka ba.

"Yallaɓai, Oga na jira," in ji Sajan daga ƙofa.

Sannan ta je neman baki na biyu. A kansa. Kuma ta yi shi daidai, tsaf, ko a kwas sai an tafa mata... barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sauraro, hoto, mutane — wanne ne a ciki zai cire mata wannan? Wanne?

Sajan yana riƙe da ƙofa. Fanka tana juyawa.