Hotunan Ɗan Fari

Na'ima ta tattara hotunan bikin kammala karatun wanta Gazali, aka mayar da su bidiyo a faifai. Da aka kunna a tsakar gida, Inna Mairo ta juya wa talabijin baya. Gazali ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta kalle shi a gaban mutane.

"Haba Inna, ki duba mana!" in ji Na'ima.

"Ke, ban son rashin kunya."

Washegari Inna ta yafa mayafi, sai Ƙofar Dundaye, shagon Sa'ad wanda ya haɗa faifan. Ta miƙa masa wayarta, ta rage murya.

"Ɗana, tura min hotunan yaron ga. Wurin da shika dariya, ka sa ya daɗe."