Mabiyiyar Matan Nahuce

"Zubar da na Nahuce kawai, Bara'atu," in ji Dakta Mansur, malamin da ke duba bincikena na digiri na biyu. "Rinin ya lalace. Na Gusau da na Tsafe sun ishe ki."

Zubar! Kamar dai ragowar tuwo yake magana a kai. Na haɗiye abin da ya taso mini, don na san halin bakina.

Aikina a kan mabiyiya ne, wadda ke biyo jariri bayan haihuwa. Ana yanka ta siriri, a ɗora a gilashi, a zuba wani sinadari mai neman furotin ɗin da nake bibiya. Duk inda ya same shi sai wurin ya rine ruwan ƙasa, sauran naman kuwa shuɗi. Daga nan kyamarar maikiroskop ta ɗauki hoto, manhajar kwamfuta ta raba kalolin, ta auna yawan ruwan ƙasar. Na Gusau da na Tsafe sun fito lafiya lau. Na Nahuce, can ƙasar Bunguɗu, suka ninka su har abin ya wuce hankali.

Shi Dakta bai san yadda na samo su ba. A wurinmu ba a wasa da mabiyiya. Wanke ta ake yi a binne a bayan ɗaki. Na yi ta sintiri gidan Inna Saude, ungozomar garin, tun da bazara, ba ta amince ba sai da damina ta yi nisa. Ita ta shawo kan masu jego, kowace ta ba da ɗan yanki kamar farcen babban yatsa.

"Ɗiyata," ta ce da ni ranar, "wagga aba ba nama ta ba. In kin ƙare, ki maido muna da abin da ya rage mu rufe. Kak ki bari a yada shi cikin shara."

Na ce mata na yi alkawari. Yanzu kuma in koma in ce amanarsu ta tashi a banza? Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na roƙi Dakta ya ba ni zuwa bayan Azahar. Na zauna na buɗe hoton Nahuce, na ƙara masa girma har ƙwayoyin suka cika fuskar kwamfutar. Rinina yakan kwanta sumul a gefen jijiyoyin jini. Amma ga wasu ɗigo-ɗigo a tsakanin ƙwayoyin jinin uwa, masu duhu, kamar an barbaɗa garin barkono da ya ƙone. Ita kuwa manhajar, baiwar Allah, ba ruwanta: duk abin da ya yi kama da ruwan ƙasa nata ne, ta haɗa ta auna.

Na ɗauko gilashin gwaji na Nahuce, wanda da gangan ba a zuba wa sinadarin ba. Bai kamata a ga komai a kai ba sai shuɗi. Ɗigon nan suna nan daram.

Sai na tuna daminar. Na Gusau da Tsafe da rani na karɓo su. Na Nahuce kuwa, jan ran da Inna Saude ta yi mini ya kai ni tsakiyar lokacin sauro. Wannan baƙar ƙurar da ƙwayar maleriya ke bari ce bayan ta ci jini.

Na yi amfani da gilashin gwajin na nuna wa manhajar iyakar duhun da za ta ware gefe. Na sake auna duka, har na Gusau da Tsafe, da ma'auni ɗaya don kada a ce na yi son kai. Alƙaluman Nahuce suka sauko suka zauna inda hankali zai ɗauka. Ɗigon da na ware kuma na auna su daban.

Dakta Mansur ya daɗe da ido a kan maikiroskop ɗin.

"Matan nan sun yi zazzaɓi da cikin?"

"Yawancinsu sun ce lafiyarsu ƙalau."

Ya ɗago yana murmushi. "To ai kin samu babi biyu ke nan. Kar wanda ya taɓa mini gilasan nan."

Mini! Ɗazu-ɗazu fa na shara ne. Na ƙyale shi, don daɗi ya hana ni tsiwa.

Bayan na kare binciken gaban malamai, na hau mota zuwa Nahuce da ragowar yankunan a cikin kakin kyandir ɗin da muke adana su, kowane da sunan mai shi. Na gaya wa Inna Saude abin da muka gani, na ce ta matsa wa masu ciki su je awo su karɓi maganin rigakafi ko da ba su jin zazzaɓi.

"Ashe abin na ɓoye ciki," ta ce. "To, za su ji daga bakina."

Ta juye ƙullin a faifai, tana kiran sunayen ina miƙa mata. Da muka kai na ƙarshe ta dube ni.

"Babu wadda ta ɓace?"

"Ko ɗaya, Inna."

Ta miƙe ta ɗauko fartanya, ta ce in biyo ta mu fara da gidan Wasila.