Na'urar da Ke Cikin Mastura

Ƙishirwa ce ta tashi Mastura daga barcin azahar, harshenta kamar busasshiyar fata. Ta kai hannu gefen cikinta na wata bakwai, inda na'urar da ke ɗura mata insulin take maƙale dare da rana. Wayam. Sai maiƙon man habbatussauda.

Can ta hango ta a kan firji, an naɗe ta da tsumma kamar abin ƙazanta. Ta gwada sukarin jininta: ɗari uku da arba'in, ya hau sosai. Kuma ɗan cikin nan mai shurinta kullum bayan azahar ya yi lakwas.

Uwar mijinta, Hajiya Zubaidatu, tana falo tana tsintar shinkafa, hankali kwance.

"Umma, wa ya cire mini?"

"Ni ce. Na shafa miki mai. Kullum ƙarfe yana ƙara a kan jikana? Halas, shi ke nan, ya huta."

Ya huta! Wata bakwai Mastura tana auna kowace loma, ko dabino ɗaya ba ta kai baki ba, sai ga tsohuwa ta rushe komai da yatsa biyu. Ranta ya ɓaci, ta yi wa kanta allurar insulin. Ta kira mijinta Abdulghani, yana wurin aiki a unguwar Khumra. Abin da ya iya cewa kawai: "Ki yi haƙuri, uwa ce." Ta kashe wayar.

Ta tari tasi daga unguwarsu ta Nuzla zuwa asibiti. Hajiya ta faɗo ciki da abaya a karkace, bakinta bai mutu ba.

"Ku yaran yanzu! Tara na haifa, ban rataya jihazi irin wannan na'urar taki ba."

Mastura ba ta taɓa mayar mata da magana ba. Yau kam ta juyo.

"Nawa suka rayu, Umma?"

Direba ya rage rediyo.

"Uku," in ji tsohuwa. "Sauran na haife su manya-manya, tubarkalla. Ba su yi kuka ba." Ta dubi cikin, muryarta ta karye. "Yana motsi, 'yata?"

Daidai lokacin ya yi shuri, mai ƙarfi, ƙarƙashin haƙarƙari. Mastura ta ji shi sarai. Ta juya kai wajen taga, ta bar tsohuwa cikin zulumi har ƙofar asibiti.