Keken Auta da Matakalar Bene

Sau biyu a wata guda hedimasta ya kira Auta ofishinsa saboda makara. A na biyun bai ɗaga murya ba. Ya tuna mata cewa har yanzu tana watannin gwaji, kuma in ta sake shigowa bayan an kaɗa ƙararrawa, akwai masu jiran gurbinta. Daga gidan da take haya zuwa makarantar mota biyu ake shiga, ta biyun kuwa ba ta tashi sai ta cika.

Ranar Juma'a da yamma ta kai wa mahaifinta maganar a shagonsa. Kafinta ne, shekara arba'in yana haɗa ƙofofi da gadaje. Ya saurare ta yana goge katako, bai ɗago ba.

"Gobe za mu sayo keke," ya ce. "Amma ni zan zaɓa."

Mai kekunan yana da rumfar kwano a bayan tasha, da kekuna na hannu kusan talatin jingine da juna. Idon Auta ya faɗa kan wani shuɗi siriri. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ta juya feda, tayar ta yi ta gudu ba ƙara.

Baba ya karɓa, ya jinjina, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da bayan yatsa kamar yadda yake yi wa katako, ya kara kunne.

"Wannan ai kwali ne aka yi wa fenti."

"Haba Baba," in ji mai keken. "Shi ake yayi yanzu. Iska ma tura shi take."

"Shi ya sa. Ni in ƙofa ba ta sa ƙarti biyu nishi ba, ba na barin ta fita daga shagona."

"To ai Malama ba ƙofa za ta hau ba."

Baba bai kula shi ba. Ya bi layin ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa yana ajiyewa, har ya kai can ƙurya. Nan ya jawo wani baƙin keke mai sanda biyu da kariyar ɗaukar kaya a baya kamar benci. Ya sa hannu biyu ya ɗaga, jijiyar wuyansa ta tashi, fuskarsa ta washe.

"Yauwa. Ga keke."

"Wannan buhunan siminti ya saba ɗauka, Baba. Ka tabbata?"

"Jikokinta ma za su hau."

Auta ta buɗe baki, ta rufe. Tun da ciwon gwiwa ya kama Baba, yayyenta suka daina tambayarsa shawara, sai dai su yi abu su gaya masa. Ta daɗe ba ta ga ya miƙe ƙafaɗa haka ba. Ta tsaya tana kallo ya gwada birki, ya sa aka sauke mata sirdi, ya yi ciniki har mai keken ya ce ya gaji, ya sallama.

Abin da ba ta faɗa ba shi ne ɗakinta a hawa na uku yake. Baba bai taɓa zuwa ba, saboda gwiwar. A ƙasa kuma ba a barin komai: maƙwabcinta ya taɓa barin nasa keken a bakin matakala, da safe sarƙar da ya ɗaure shi da ita kawai ya tarar.

Da suka isa, ta nuna masa tagarta can sama. Ya ɗaga kai ya duba. Sannan ya naɗe hannun riga ya saɓa keken.

"Baba, bari in kama maka."

"Matsa."

Ya kai kwanar farko ya dire shi, ya zauna a kan matakala yana haki. Ta riƙe keken kada ya gangara.

"Saura nawa?"

"Ashirin da huɗu."

"Kullum?"

"Safe da yamma."

Ya share gumi da hula. "Ke kuma kika tsaya kamar an ɗinke miki baki."

"Kai ka ce za ka zaɓa."

"Na ce zan zaɓa. Ban ce ki zama bebiya ba."

"Mu mayar, ko shuɗin yana nan."

"In koma wajen wancan mai dogon bakin? Allah ya kiyaye."

Daga inda yake zaune ya leƙa ƙasa. A ƙarƙashin matakalar akwai wani lungu da aka jibge tsofaffin bokitai. Ya sauka a hankali yana dafa bango, ya auna lungun da hannu, tsawo da faɗi, yana motsa leɓe. Ya tambayi inda mai gidan take.

Auta ba ta ji abin da suka tattauna ba. Ta dai ga ya fito yana duba ƙafar wata kujerar mai gidan da ta karye, ya ce ta ba shi lungun, gobe zai haɗa da gyara mata kujerar.

Lahadi tun da hantsi ya zo da katako a mota, da zarto da guduma. Kafin la'asar lungun ya zama ɗan ɗaki mai ƙyaure da kwaɗo biyu. Ya miƙa mata makullan, ya ce ta riƙa ɗiga wa sarƙa mai duk mako.

Litinin ta fito bakwai saura kwata. Keken ya yi mata gardama wajen tashi, a hawan gada kuma sai da ta sauka ta tura. Ta jingine shi a bayan ofis cinyoyinta na rawa, ta shiga ta ɗauki biro. Ita ce ta uku a rajistar zuwan malamai.