Allura Ba Abinci Ba Ce

Mai Keke ake ce mata a layinsu, don tun safe ƙarar keken ɗinkinta ke tashin maƙwabta. Shekara shida ke nan rabonta da autarta. Faɗa suka yi a kan aikin da yarinyar ta samu a wani gari mai nisa, uwar ta ce in ta fita kada ta dawo. Auta kuwa zuciyar uwarta ta ɗauko. Ta fita, ta canza lamba. Rigar da ake ɗinka mata, wata shuɗiya, tana nan rataye a ƙusa ba hannu ɗaya.

Ƙanwar Mai Keke ce ta kawo shawara. "Yaya, 'ya'yan yanzu a waya suke zaune. In kina nemanta, can za ki shiga."

"Ni da ko amsa kira sai na danna ja?"

Amma ta shiga, ta buɗe shafi tana ɗora bidiyo. Kullum da safe sai ta jingine wayar a jikin gwangwanin maɓallai, ta ce, "Ga abin da na koya jiya." Yadda alli ke shanye ɗigon man keke a yadi. Yadda kyandir ke sa zif mai taurin kai ya bi hanya. Ranar da ta ɗinka aljihu a juye ma ba ta ɓoye ba, ta nuna, ta yi wa kanta dariya. Mutane suka so abin. Mabiya arba'in suka zama ɗari tara, kafin ka ce me sun haura dubu ashirin.

Ita dai sunaye take bi da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har shayinta ya huce.

Akwai dabarar da ba ta gaya wa kowa ba. Kowane bidiyo da allura biyu a bakinta take magana, abin da Auta ta tsana tun tana ƙarama. Mabiya suka yi ta roƙo: "Mama, don Allah ki cire allurar nan." Sai ta gode, gobe ta sake.

"Yaya, so kike ki mutu a idon duniya?" in ji ƙanwar.

"Jira nake a yi mini faɗan yadda na saba."

Wata goma sha ɗaya ana haka. Ran nan da hantsi tana bin saƙonni, ta ci karo da wani daga shafin da ba hoto ba suna: "Tsohuwa, allura ba abinci ba ce."

Mutum ɗaya ke ce mata Tsohuwa a duniya. Ta zare allurar daga bakinta, ta soke a ɗankwali, ta daɗe tana kallon wayar. Ta rubuta, ta goge, ta rubuta, ta goge.

Washegari ta zauna gaban gwangwanin, bakinta ba komai. "Yau farke ɗinki za mu koya," ta ce. "Akwai wanda na yi cikin fushi kusan shekara bakwai da suka wuce. Ban yi daidai ba. A hankali ake farkewa, kada yadin ya yage."

Kwana uku shiru. A na huɗu saƙo ya shigo: "Shuɗiyar da ke bayanki, har yanzu ba ki sa mata hannun ba?"

Mai Keke ta waiwaya ta dubi ƙusar. Da yatsa ɗaya ta rubuta, "Awon ya tsufa. Sai kin zo."