Tawada da Ruwan Rijiya

Jikana Fatihu yana da ɗan shagon hoto a bakin kasuwar Tsanyawa, kuma shi ba ya buga mai kala, baƙi da fari kawai. Tawadar ma da hannunsa yake sirkawa. Kwalabe huɗu yake jerawa. Ta farko baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, ta biyu rabinta ruwa, ta uku ta fi tsinkewa, ta huɗu kuwa in ka ɗaga ta a rana sai ka rantse ruwan ɗauraye ne. Da sirinji yake aunawa, ɗigo-ɗigo. Ya ce ta huɗun nan ita ke fitar da fatar fuska. Kuma ba ya sa kowane ruwa sai ruwan batir, don shi ne ba ya toshe bakin injin.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina zaune a shagon ina hutar da ƙafa, sai ga wani tsoho daga wani ƙauye ta wajen Shanono, Kawu sunansa. Ya kwance leda ya fito da hoton matarsa Dokas, wadda ta rasu bara. Tana tsaye jikin bangon coci, amma danshi ya cinye fuskar, sai inuwa-inuwa.

"Ɗana," ya ce, "muryarta na nan a kunnena. Fuskar ce in na rufe ido ba ta zuwa. Shi ke nan hoton da nake da shi."

Fatihu ya kwafi hoton cikin kwamfuta, ya gyara abin da zai gyaru, sannan ya girgiza kwalba ta huɗu. Ba komai a ciki. Ruwan batir ma ya ƙare.

"Baba, sai kasuwa mai zuwa."

"Idon nan ba ya jiran kasuwa," in ji Kawu. Na duba kuwa, farar yana ta kusa rufe masa idon. Ya miƙo gorarsa. "Ga ruwan rijiyar gidanmu. Shekara arba'in tana jan sa, bai taɓa cutar da kowa ba."

Nan ne na sa baki, Allah Ya yafe mini. Na ce, "Kai Fatihu, ruwa ai ruwa ne. Yi wa bawan Allah aiki."

"Inna, ke ce injiniya yau?"

"Na yi tuwo da ruwan rijiya kafin a haifi ubanka."

Ya yi dariya, ya tace ruwan da ƙyalle sau uku, ya auna, ya ɗura. Injin ya fara jan takarda a hankali. Sai shagon ya ɗauki ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga rana ƙwal a waje. Ni dai na janye ƙafafuna.

Fuska ta fito tas. Har da tsage uku a kumatu, waɗanda babu su a kwamfutar, babu su a tsohon hoton. Fatihu ya daina dariya. A bayan kafaɗarta, inda ya kamata a ga bango, akwai ɗan kai, da tawada mafi haske, ya kwanta mata a wuya. Goyo ne.

Fatihu ya yi maza ya kife takardar. "Baba, tawadar ta ɓaci. Bari in yage, in sake maka."

Tsohon ya riƙe masa hannu. Ya juyo hoton, ya kai shi dab da hancinsa, ya daɗe yana bin sa.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce. Har harara ɗin."

"Na bayanta fa?" in ji Fatihu.

"Micah ne, ɗanmu na fari. Kwana arba'in ya yi a duniya. Hoton nan kuwa, sai da muka shekara goma da binne shi aka ɗauka." Ya ƙara karkata takardar wajen haske. "Ya yi ƙiba."

Ina jin masu awon dawa suna ciniki a waje kamar daga wani gari.

Can Fatihu ya ce in an jira ruwa mai kyau, zai buga wanda ba kowa a bayanta.

"Fuskar za ta fito haka?"

Yaron ya dubi kwamfutarsa, inda har yanzu inuwa ce kawai. "Ba na tsammani, Baba."

"To, bar mini su."

Aka ba shi ambulan ya ƙi. Na raka shi har tasha. Kwandasta ya ce ya kawo hoton a sa a sama da kaya, ya ce a'a. Ya zauna jikin taga, ya tsayar da hoton a kan gwiwarsa, ya tallafe bayansa da tafin hannu. Da bas ta tashi na ji yana cewa, "Direba, a hankali a kan ramuka."